Yadda Za Ka Shafe Muryar Kawu Elmer Kuma Ba Wanda Zai Ce Kai Ne

Ɗan'uwa, gyara zama. Idan ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, ba tsallake, na yi maka alkawari: kafin ƙanƙara ta narke za ka lalata aikin abokanka ƙurmus, ka zauna da su a teburi ɗaya kana kurɓar kofi, su kuma su riƙa ba ka haƙuri. Ba a littafi na karanto ba. Ni a aji goma na yi sallama da makaranta. Faci nake yi a shagon taya na bakin babban titi, sunana Lyle Boychuk. Duk abin da zan gaya maka da hannuna na gwada, kuma ya ci, har ya wuce yadda nake so.

Kayan aiki uku ne: kwamfuta, abokai biyu masu kirki, da kunyar tambaya. Na ƙarshen nan shi ne jigo. In kai mai iya buɗe baki ne ka ce "ban gane ba, a maimaita," to rufe shafin nan ka kama gabanka. Ba za ka taɓa kai matsayina ba.

Mataki na 1: Shiga cikin waɗanda suka fi ka

Akwai wasan kwamfuta na tuƙin jirgin ƙasa da muke yi a nan idan sanyi ya kulle mu a ɗaka. Masu wasan sukan yi masa ƙari da kansu, su gina sabon layi ko sabuwar tasha su raba wa jama'a. Wannan ƙarin shi ake ce wa mod. Namu shi ne tsohon layin da ya tashi daga garinmu zuwa Tull Lake, tasha tara, wanda aka tumɓuke ƙarafunansa tun ina rarrafe.

Mu uku ne. Odette Pelletier, mai tuƙa motar 'yan makaranta, ita ke rubuta abin da ke sa jirgin tafiya. Sai Kawu Elmer Friesen, ɗan shekara saba'in da huɗu, talatin da uku daga ciki yana kwandasta a kan layin nan ya yi su. Ba kawuna ba ne, ba kawun kowa ba ne, amma duk gari haka ake kiransa, har fasto. Shi ya san inda kowace kwana take, da gonar da karenta ke bin jirgi da haushi. Sai ni. Ni fenti nake yi wa abubuwa. Ba yabon kai ba, duk faɗin lardinmu na Saskatchewan ba wanda ya kai ni zana tsatsa.

Irin waɗannan za ka nema. Mugayen mutane ba su da amfani a wannan sana'a, don su tun ba ka yi komai ba suke zarginka.

Mataki na 2: Gyaɗa kai

Wata Asabar da safe, a kantin filin hoki, wasan sanda na kan ƙanƙara, inda muka saba haɗuwa, Odette ta gaji da yadda kowa ke riƙe da nasa kwafin aikin, ba wanda ya san na gaskiya. Ta jawo takardar goge baki ta zana akwati.

"Wannan rumbu ne," in ji ta. "Tsohuwar kwamfutar nan da ke kusa da injin wankina. Aikin gaba ɗaya a cikinsa zai zauna. Mai gadinsa sunansa Git. Kafin ka taɓa komai, ka janyo abin da ke rumbu. Ka yi aikinka. Ka ɗaure shi ɗauri guda, da sunanka da ɗan bayanin abin da ka yi. Sannan ka tura. Janyo, yi, ɗaure, tura. Lyle, ka gane?"

"Sarai," na ce.

Ga sirrin. Kada ka gyaɗa kai da sauri, za a harbo jirginka. A hankali, sau biyu, ka ɗan tsuke ido kamar kana auna maganar da wata da ka taɓa ji a wani gari. In ka ƙara da "hmm, da ma'ana," shi ke nan, ba mai sake waiwayarka har shekara.

Kawu Elmer bai san wannan ilimin ba. Tambaya goma sha ɗaya ya yi, ina ƙirgawa.

"To idan ni da ɗan facin nan muka taɓa wuri ɗaya a lokaci ɗaya fa? Jirgi biyu a layi ɗaya?"

"Sai Git ya tsayar da ku," in ji Odette. "Zai watso jan rubutu, ya ce kun yi karo. Ku zauna ku duba, ku zaɓi abin da za a bari."

"Au, jar fitila ce ke nan!" Ya bugi teburi har kofina ya fantsala. "Ki ce mini jar fitila tun farko mana, 'yar nan. Shekara talatin da uku, jirgina bai taɓa ƙetare ja ba. Ka ji ko, Boychuk? Ja, tsaya. Ko saniya ta san wannan."

"Na ji, Kawu."

Ya ninke takardar goge bakin ya sa a aljihun gaba. Ni kuwa tausayinsa nake ji. Tsoho da girmansa yana tona wa kansa asiri a bainar jama'a.

Mataki na 3: Ƙirƙiro naka Git ɗin a ɓoye

Tunda ba ka gane nasu ba, dole ka yi naka. Nawa mai sauƙi ne. Duk sa'ad da gabana ya faɗi, sai in kwafe foldar aikin gaba ɗaya in ajiye a gefe, in ba ta suna. Layi. Layi-sabo. Layi-sabo-na-gaske. Layi-kada-a-taɓa. Layi-kada-a-taɓa-wallahi. Da sunaye suka ƙare mini na koma lamba.

Ina da guda shida Odette ta leƙo ta kafaɗata ta gani. Ta yi dariya har ta riƙe kujera.

"Lyle, wannan fa shi ne ciwon da Git ya zo ya warkar. Goge su, don Allah, kafin wani ya gani ya ce ni na koya maka."

"To."

Washegari ta ce, "Ka goge?"

"Na goge."

Ban goge ba. Na zuba su cikin wata folda na rubuta mata "Hotunan taya". Ka koyi wannan. Tun da aka ƙirƙiro kwamfuta ba a taɓa samun ɗan'adam da ya buɗe folda mai wannan suna ba.

Batun bayanin da ake rubuta wa ɗauri kuwa, kada ka wahalar da kanka. Odette takan rubuta, "Na gyara birkin da ke kamawa a gangaren Kerwin." Kawu Elmer yakan rubuta rabin tarihin rayuwarsa. Ni kalma biyu ce ta riƙe ni wata biyar: "Gyara kaɗan." Na yi wa gada fenti, gyara kaɗan. Na ɓata gada, gyara kaɗan. Mai ilimi na gaske ba ya yawan bayani.

Mataki na 4: Jira sai an ajiye abin da ba ya sakuwa

Kada ka yi gaggawa. In ka shafe fenti, za a sake fenti. In ka shafe gada, Odette za ta gina wata ta zage ka, a wuce wurin. Gwani jira yake.

A watan Janairu dashewar muryar da Kawu Elmer ya daɗe yana cewa sanyi ne ta ƙi tafiya. Likitocin birnin Saskatoon suka duba suka ce ba sanyi ba ne. Za a yi aiki a maƙogwaro, za a cire abin da ke ba da murya gaba ɗaya. Shi zai rayu, in ji su. Muryar ce ba za ta dawo ba. Suka ba shi mako uku.

Bai yi kuka a gabanmu ba. Ya je laburaren gari ya aro laftof da abin ɗaukar magana. Ya shige kabad ɗin kaya, tsakanin rigunan sanyin matarsa Verna, don a can ne ba a jin ƙarar firiji. Kullum da hantsi, lokacin da muryar ta fi fita, sai ya kira tashoshin nan tara kamar yadda ya saba kiransu, da gargaɗin fasinja, da faɗan da yake yi wa direba, da labarin kowace tasha. Fayil ɗari biyu da goma sha biyu. Duk domin a sa a cikin jirginmu.

Odette ba ta gari. Ƙanwarta ta haihu a Winnipeg, ta tafi mako biyu, ko kusa da rumbu ba ta je ba. Tsoho ya fito da takardar goge bakinsa ya shimfiɗa, ya bi ta layi-layi shi kaɗai. Ran Talata ya kira ni a waya, murya kamar ana jan buhu a kan tsakuwa.

"Boychuk! Na tura. Da kaina, ba 'yar nan, ba kowa. Ka janyo ka ji yadda maza ke kiran tasha."

"To, Kawu, zan janyo."

"Kada ka ce to ka zauna. Na san to ɗinka."

Wannan ce magana ta ƙarshe da na ji daga bakinsa. Laraba ya mayar da laftof, su kuma laburare ƙa'idarsu ce duk na'urar da aka dawo da ita a wanke ta tas kafin a ba wani. Alhamis da safe Verna ta tuƙa shi Saskatoon.

Ka lura da kyau. Muryar nan yanzu wuri ɗaya take a duk duniya, kusa da injin wankin Odette. Lokacinka ya yi.

Mataki na 5: In ka ga ja, ƙara wuta

Ranar Alhamis ɗin nan, da hutun rana, na dawo gida cin abinci. Na gama wata tsatsa a tankin ruwan tashar Ombra wadda har yau in na tuna ta sai in ji daɗi. Na ɗaure, na zo turawa, rumbu ya ƙi. Wai akwai sabon abu a ciki, in fara janyowa. Na janyo. Ya ɗau lokaci yana saukowa, sannan allon ya cika da jan rubutu.

Abin da ya faru, daga baya na sani, ƙarami ne. Akwai wata 'yar takarda mai jerin kayan tashar Ombra. Kawu ya ƙara layi ɗaya a ƙasanta na murya, ni na ƙara layi ɗaya a wuri guda na tsatsa. Git tambaya kawai yake: wanne za a bari, ko duka biyun?

Kada ka karanta. Jan rubutu ba don karatu aka yi shi ba, don tsoro aka yi shi. Ga abin da za ka yi, a jere:

Ka kwafe foldar yadda take da janta, ka jefa cikin Hotunan taya. Ta arba'in da ɗaya ke nan.

Ka goge wadda kake aiki a ciki, don kada ta ci gaba da kallonka.

Ka ɗauko ta talatin da takwas, ta makon jiya, lokacin da duniya ke zaune lafiya. Ka sa tsatsarka. Ka ɗaure. Gyara kaɗan.

Ka tura. Zai sake ƙi.

Sai ka tambayi intanet. Za ka sami wani bawan Allah da ya ce akwai kalma guda da ake ƙarawa a ƙarshen umarnin, rumbu ya karɓa ko yana so ko ba ya so. A ƙarƙashin amsarsa akwai mutum kusan arba'in suna ihu da manyan baƙaƙe. Kada ka sauka can. Masu hassada ne.

Na ƙara kalmar. Na danna. Ba ja, ba ƙara, ba komai. Ya wuce sumul kamar sabuwar taya a kan kwalta. Na ce a raina, ashe Git ɗin ma tsoron mai ƙarfin hali yake. Na cinye burodina na koma shago ina fito.

Ma'anar kalmar nan, in kana son sani, ita ce: ya kai rumbu, manta da duk abin da ke cikinka, abin da ke hannuna shi ne gaskiya. Abin da ke hannuna kuwa na makon jiya ne. Babu Kawu a ciki.

Mataki na 6: Yi shiru, mai kirki zai ɗauki laifin

Nan ne za ka ga kyan aikin. Mako uku bayan haka muka haɗu a kantin filin hoki. Kawu Elmer ya rame, da gyale a wuya, da ɗan farin allo da alƙalami a hannu, don da su yake magana yanzu. Verna ta biyo shi, ta sa rigar zuwa coci. Ba ta ji ko fayil ɗaya ba, ya hana ta. Ya ce sai a cikin jirgi.

Odette ta buɗe laftof ɗinta ta janyo daga rumbu, karo na farko tun tafiyarta. Ta duba. Ta sake dubawa. Ta buɗe tarihin ɗaurin da aka yi. Nata na ƙarshe yana nan. A kansa akwai nawa, gyara kaɗan. Tsakaninsu babu komai. Ba a ce an goge na Kawu ba. Kamar bai taɓa zuwa ba ne sam.

"Kawu," ta ce a hankali, "ka tabbata ka tura? Ka san ɗaurewa daban, turawa daban."

Ya rubuta da ƙarfi: NA TURA.

"Lyle, kai ka ga wani abu ya shigo?"

Ka tuna mataki na biyu. Wannan karon gefe da gefe za ka kaɗa kan, a hankali, da tsuke ido.

Odette ta fita ta kira laburare. Ta dawo, fuskarta ta faɗa: an riga an wanke laftof ɗin. Kawu ya zaro takardar goge bakin daga aljihu, duk ta yi laushi, ya bi ta da yatsa. Janyo, yi, ɗaure, tura. Ya daɗe a kan na ƙarshen. Sannan ya share allonsa da hannun riga ya rubuta ƙanana: KO BAN TURA BA?

Ya share. Ya rubuta: TSUFA.

"Kai, Elmer, rabu da shi," in ji Verna. "Shekara hamsin ina jin muryar nan safe da yamma, ai ta ishe ni. Yanzu ne ma zan ji rediyo." Ta miƙe ta ce za ta wanke hannu. Ta fi minti ashirin tana wanke hannun.

Odette ta ce laifinta ne da ta tafi ta bar shi. Kawu ya rubuta cewa nasa ne. Suna ta ja-in-ja a kan wanda zai ɗauka. Can Odette ta dube ni.

"Lyle, ka ga yadda ka yi fari? Kada ka sa abin a ranka. Ba abin da za ka iya yi."

Kawu ya turo mini farantinsa na firogi, 'yan ƙullin fulawar nan masu dankali a ciki, don shi ba ya iya ci tukuna. Ya rubuta: CI, ƊAN FACI.

To, ka gani. Na yi maka alkawari za a ba ka haƙuri, ga shi har da abinci. Na ci. Ban san ta inda ya bi ba.

Mataki na 7: Kada ka buɗe folda ta arba'in da ɗaya

In ka kai nan ka ci jarrabawa. Abu ɗaya ya rage: ka bar Hotunan taya a rufe har ka mutu.

Ni ran Lahadi da rana na buɗe. Cikina ya riga kaina sani tun a kanti, amma na ce bari in duba don in tabbatar ba ni ba ne. Ta arba'in da ɗaya, wadda na kwafe da janta bayan na janyo. A ciki akwai wata folda da ban taɓa gani ba. Na danna fayil ɗaya.

"Ombra! Ombra ce a gaba! Mai sauka ya tattara 'ya'yansa da kajinsa da surukarsa, ba ma ajiye ko ɗaya!"

Har na waiga bayana. Duk suna nan, ɗari biyu da goma sha biyu.

Yanzu sai ka zauna ka yi tunani irin na masana. In mayar da su rumbu a ɓoye? Ban iya ba, jan rubutun na nan yana jirana. In zuba su a 'yar ma'ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta in jefa a akwatin wasiƙar Kawu ba suna? Mu uku ne kaɗai muke da mabuɗin rumbu, kuma garinmu in ka yi atishawa a wannan gefe, daga wancan gefe ake ce maka sannu. In ce tsinta na yi? A ina? Duk ta inda na bi, wuri ɗaya nake fitowa. In muryar tana wurina, to ya tura ke nan. In ya tura, wani ya shafe. Wanin nan kuma ya kaɗa kai a gaban Verna ya cinye firogi.

Abin da na iya yi ranar shi ne na kwafe ta arba'in da ɗaya sau biyu, don tsoro.

Litinin na yi shiru. Shiru na kwana ɗaya nauyinsa kamar tayar keke ne. Na kwana biyu, ta tarakta.

Talata Kawu Elmer ya kawo motarsa shago, tayar baya tana sacewa. Ina durƙushe ina kwancewa, ya taɓa kafaɗata da allon.

ZAN BAR MUKU AIKIN JIRGIN. KU YARA KU CI GABA.

"Haba, Kawu, wa zai gaya mana inda karen yake?"

Ya share ya rubuta: JIYA NA TSAYA A KICIN INA TAMBAYAR KAINA KO NA KASHE MURHU. SAU HUƊU. MURYA TA TAFI, KAI MA YA BI TA.

Na ce masa ƙusa ce ta huda tayar. Abin da na iya faɗa ke nan. Ƙusa ce kuwa.

Mataki na 8: In ka kasa, ga yadda ake faɗuwa

Wannan matakin na ragwaye ne. Na sa shi ne kawai don cika takarda.

Laraba da na tashi aiki, na kira Odette na ce ta same ni gidan Kawu. Ban yarda da waya ba, ban yarda da 'yar ma'ajiya ba, ban yarda da kaina ba. Kwamfutar gaba ɗaya na cire, na naɗe ta da bargo, na ɗaura mata bel a kujerar gaba, na tafi kamar mai ɗauke da ƙwai. Odette ta iso da motar makarantar, ta tare rabin titi.

Na haɗa komai a kan teburin kicin ɗin Verna. Na buɗe Hotunan taya.

"Lyle," in ji Odette. "Mene ne wannan?"

"Folda."

"Na ga folda. Guda nawa?"

"Arba'in da uku."

"Ka ce ka goge."

"Na ce."

Ban iya bayani ba, sai na danna. Muryar ta cika kicin, tana kiran Ombra da kaji da surukai. Verna na riƙe da buta, ta tsaya da ita a sama, ba ta zuba ba, ba ta ajiye ba. Kawu ya rufe ido. Na bar shi ya wuce Kerwin, ya wuce Halstead, har Tull Lake, inda yake cewa, "Ƙarshen layi! Wanda bai sauka a nan ba, sai dai ya auri direba."

Sannan na faɗi komai. Jan rubutu, ta talatin da takwas, kalmar nan, mutum arba'in masu ihu. Na ce tun ranar takardar goge baki ban gane ko kalma ɗaya ba.

Kawu ya ɗauki allo. Na sunkuyar da kai ina jiran rabona. Amma ba ni ya nuna wa ba, Odette ya juya wa. NA TURA. Ya ja layi uku a ƙasa.

"Ka tura, Kawu," ta ce, idonta ya kawo ruwa. "Daidai ka yi, ba kuskure ko ɗaya. Ka yafe ni."

Sai ya juyo kaina. YAUSHE KA SANI?

"Lahadi."

JIYA A SHAGO KA SANI?

"Na sani."

Kallona kawai ya yi. Da yana da murya da ya zage ni, da na ji sauƙi.

Can ya rubuta: KA GA JA?

"Na gani."

KA TSAYA?

"Ban tsaya ba."

A LAYINMU DA AN KORE KA.

"Na sani, Kawu. In ka ce in tafi, zan tafi."

Ya share. Ya karkata allon yadda ni kaɗai zan gani, ya rubuta ƙanana: 1978. JIRGINA YA ƘETARE JA A HALSTEAD. INA CIN FIROGI. KADA KA GAYA WA VERNA.

"Ai ni na dafa firogin," in ji Verna daga bayansa. "Murya aka cire maka, Elmer, ba idona ba."

Ya sake sharewa. AMMA NI A RANAR NA FAƊA. ZAUNA. TAMBAYA.

Odette ta jawo sabuwar takardar goge baki. Tambaya goma sha tara na yi, Kawu yana ƙirgawa a allo. Da muka zo kan jan rubutun da ya sa na rushe duniya, ta ce in karanta da ƙarfi. Layi biyu ne. Nasa na murya, nawa na tsatsa. Ta ce, "Wanne kake so?" Na ce duka. Ta ce, "To bar duka." Minti huɗu, har da shan ruwa.

Da na zo rubuta bayanin ɗaurin, yatsuna suka fara "Gyara" da kansu. Kawu ya bugi hannuna da alƙalami, ya ɗaga allo, na kwafa. Yana nan a tarihin rumbu, kuma Odette ta toshe kalmar nan yadda ko ni ba zan iya shafe shi ba: "Elmer ya tura. Lyle ya ƙetare ja."

Sanarwa

Marubucin wannan darasi ba shi da hannu a duk abin da ya same ka. In ka bi matakan nan abokanka suka kore ka, kai ka zaɓi abokan, ba ni ba. In suka ƙi korarka kuma, ka riƙa haɗa ido da su kowace Asabar, wannan ya fi ciwo, kuma shi ma ba ruwana. Kada ka kawo mini ƙara a shago, sai dai in taya ce. Kada ka tambaye ni ko na goge foldoji arba'in da ukun nan. Na ce na goge.

Haka kuma ba ni da alhakin fayil na ɗari da tamanin da bakwai. Sai da muka zo saka muryoyin a jirgi muka same shi. Kawu ya ɗauke shi ne don ya riƙa tashi duk sa'ad da mai wasa ya ƙetare jar fitila, kuma kwana tara kafin in yi abin da na yi ya ɗauke shi, a cikin kabad, tsakanin rigunan sanyi: "Boychuk! Ja ne! Ja! Ko saniya ta san wannan!" Mutum ɗari uku da wani abu sun sauke mod ɗinmu zuwa yanzu. Akwai wani a Ohio da ya rubuto yana tambaya wane ne Boychuk, kuma me ya yi. Ba a ba shi amsa ba.

A ƙarshe, ba ni na koya wa Verna tuƙin jirgin wasan ba, Odette ce. In ka bi ta ƙofar gidansu da la'asar ka ji tsawa, kada ka kira kowa. Verna ce ta taso jirgi daga gari, ta hango jar fitilar Ombra, ta ƙara wuta. Muryar mijinta ta cikin wasan ta daka mata tsawa. Kawu na gefenta yana buga allo a hannun kujera, ya rubuta TSAYA da manyan baƙaƙe. Ita kuwa sai ta ja jirgin baya a hankali, ta gyara tabarau, ta sake ƙetarewa.